Agogo Mai Tsattsewa

Ranar sunan Tasneem, 'yar Sagiru da Rabi'atu, agogo ya ɓace a hawa na huɗu na wani gida a unguwar Hay el-Sabi' da ke Alƙahira. An ci nama, an sha shayi, an yi wa jaririya addu'a har ta gaji ta yi barci. Da La'asar ta gabato sai maza suka yi layi a wurin wanke hannun da ke bakin bayi. Sagiru ya cire agogonsa kamar yadda ya saba, ya ɗora a kan ɗan katakon da ke ƙarƙashin madubi, ya yi alwala, aka kira shi ya karɓi wasu baƙi a ƙofa. Bai tuna da shi ba sai bayan an sallame salla. Ya koma ya tarar da katako wayam.

Ba irin agogon da ake saye a bakin titi ba ne. Tsoho ne, ƙirar Suwizalan, sunansa Arbelan, amma mu dai “mai tsattsewa” muke ce masa, saboda ɗan zanen tsuntsun da ke fuskarsa a saman lambobin Larabci. Kakan Sagiru ne ya saye shi a nan Alƙahira a 1964 da ya zo karatu, ya koma da shi Kano, ya ɗaura shi shekara hamsin. Da Sagiru zai taho, kakarsa ta damƙa masa shi ta ce ya mayar da shi garinsu ya sha iska, amma ya dawo mata da shi. Duk kiran waya sai ta tambayi lafiyar agogo kafin ta tambayi tasa.

Mu 'yan ƙasa a baƙon gari akwai mu da haɗin kai, kuma ba a ganin ƙarfin haɗin kanmu sai ranar da muka sami wanda za mu zarga. Kafin Magariba an gama shari'a a kan matakala, laifi ya faɗa kan Ukasha, ɗalibi daga Gusau wanda bai cika wata biyar da zuwa ba. Yana gyaran waya don ya rage zafi, ke nan hannunsa ya saba da ƙananan abubuwa. An ji shi sau biyu yana yaba agogon. Sannan an gan shi ya sulale tun ba a watse ba, aljihun jallabiyarsa a kumbure. Abokan zamansa suka ba shi wa'adi zuwa Laraba: ko ya fito da agogo, ko ya kwashe kayansa, kuma su kira mahaifinsa, limamin unguwarsu, su faɗa masa abin da ɗansa ya zo karanta a Masar.

Rabi'atu ce ta ƙi yarda. Ta ce daga cikin ɗaki, “Yaron da ya ɗauko mini tukunyar gas har hawa huɗu, ya ƙi karɓar ko ruwa? A kira Baba Bukari.”

*

Bukari mutumin Nijar ne, daga wajejen Abalak. Mahaifinsa mai bin sawun raƙuma ne, shi ma ya yi shekara ashirin yana bi kafin ciwon gwiwa da kasuwancin turare su kawo shi unguwar Faisal a nan Alƙahira. Ana cewa ya taɓa bin sawun taguwa kwana tara, ya kuma faɗi tun a kwana na biyu cewa ɓarawon gurgu ne mai cin taba. Ni ban ga wannan ba. Abin da na gani shi ne, in ya zo gidanka, sai ya gama karanta takalman bakin ƙofa kafin ya yi sallama.

Ya iso Asabar da hantsi, yana tsine wa direban mikrobas, ƙaramar motar hayar nan, da matakala gaba ɗaya. Ya tarar da Sagiru idanu jajur, da Ɗanmalam, shugaban ɗalibanmu, wanda ya zo jaje. Ɗanmalam shekararsa tara a Alƙahira, shi ke jan mu salla, shi ke sasanta mu, shi ne kuma ke yi mana wa'azi a kan ɓarnar ruwa wajen alwala har mun haddace.

“Ɗana, nuna mani inda anka aje shi,” in ji Bukari.

Sagiru ya nuna katakon. Bukari ya duba sama, ya duba ƙasa, ya buɗe famfon. Ruwa ya yi tsalle ya jiƙa masa gaban riga har da madubin.

“Ma'alish, Baba, haka yake,” in ji Sagiru. “Sai a hankali ake buɗe shi. Na yi wa mai gida magana ya fi sau goma.”

Bukari ya goge gemu. Ya durƙusa da ƙyar, ya sa farce a tsagar da ke gindin ƙofa, ya zaƙulo wani abu ya ajiye a tafin hannu. Ƙwayar shinkafa ce guda uku, ɗanya.

“Ɗiyata,” ya ɗaga murya wajen ɗakin Rabi'atu, “jiya ina buhun shinkafarki yake?”

“A nan lungun, Baba. Mata sun cika kicin, sai aka fito da shi. Da safe ma na gan shi baki buɗe, na yi ta faɗa.”

Ɗanmalam ya gyara zaman hularsa ya ce, “Baba Bukari, ni dai shawarata a kyautata zato. A bar maganar nan zuwa Alhamis, insha Allahu alheri zai bayyana. Kuma ya akhi Sagiru, ka yi haƙuri, abin duniya ne. Tsohon agogo ne, batirinsa ma ya mutu.”

“Agogona bai taɓa tsayawa ba!” in ji Sagiru, ransa a ɓace. Kunnensa bai ma kama sauran maganar ba.

Bukari ya ce a nuna masa hotunan suna. Ya daɗe a kan guda ɗaya, wanda Sagiru ke rungume da jaririya, yana buɗa shi da yatsa biyu yana matsewa. Ya tambayi lokacin da aka ɗauka, aka ce dab da La'asar. Ya ce a tura masa.

*

Bukari ya sami Ukasha zaune a ƙofar gidansu a kan jakarsa, don tuni an fara fito masa da kaya falo. Yaron ya rame a kwana ɗaya. Ya miƙe zai gaida shi, Bukari ya ce ya zauna.

“Mi ke cikin aljihunka jiya?”

Ukasha ya sunkuyar da kai. “Wallahi, Baba, ba agogo ba ne.”

“Na sani. Agogo ba ya zubar da mai.” Ya nuna tabon maiƙo a gefen jallabiyar. Sannan ya tsinci wani gashi rawaya a ƙafar wandonsa ya ɗaga shi a rana. “Ina take?”

Kamar ta ji ana cigiyarta, wata kyanwa rawaya mai ciki ta fito daga ƙarƙashin mota ta zo tana goga kai a ƙafar Ukasha. Ya fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya. Ya ce kasonsa na nama ya naɗe mata a takarda. Ya ce da wane baki zai gaya wa mutane cewa naman sunan 'yar Malam Sagiru, wanda aka yi wa addu'a, ya kai wa kyanwa? Da ya faɗa, da sun ce ya raina musu hankali.

“Da an ce maka mai kyanwa da an ce maka ɓarawo, wanne ya fi?”

“Yanzu ko na faɗa ba za su yarda ba, Baba. Jiya da aka zuba abinci, kowa ya janye hannunsa daga tiren da na sa nawa.” Ya dubi kyanwar. “Babana yana da hawan jini. In suka kira shi, ban san abin da zai faru ba.”

Bukari ya buɗe tafin hannu ya nuna masa shinkafar. “Kai mai gyaran salula ne. In ta faɗa ruwa, cikin shinkafa kake sa ta?”

Ukasha ya share hawaye, mai sana'a ya motsa a cikinsa. “Haba, Baba! Wannan ai aikin waɗanda ba su sani ba ne. Garin shinkafar ne ma ke shiga ya toshe ko'ina. Kullum sai na yi faɗa da mutane a kan haka.”

“Tamam,” in ji Bukari. Ya shafa kan kyanwar ya tafi.

*

Akwai kuma Salim, ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda ke aika jallabiyoyi da hijabai gida duk mako. Waɗanda ba su gamsu da Ukasha ba sun ce agogo yana cikin kwalayen Salim, ya kama hanyar Yamai. Da Bukari ya je ɗakin ajiyarsa, bai ko buɗe baki ba Salim ya fara yanke igiyoyi yana zazzage kaya a ƙasa.

“Duba! Duba, Alhaji! Ni Salim zan saci agogon da ya girmi babana? Ga nawa nan, yana faɗin zafin gari, yana ƙirga mini taku!”

Bukari ya bar shi ya zazzage kwali shida, don yana jin daɗin kallo. Sannan ya tambaye shi wa ya yi alwala bayan Sagiru. Salim ya ce ina zai sani, shi da alwalarsa ya zo, kuma yana kusa da tiren nama bai ga dalilin tashi ba. Bukari ya taya shi ninke hijabi biyu don kada a ce bai yi komai ba, ya fito.

Ya koma gidan Sagiru, amma bai shiga ba. Ya fara daga bakin ƙofa ya bi matakala ƙasa, taki ɗaya bayan ɗaya, yana dafe da gwiwa. Mai gadin gidan ranar Alhamis kawai yake shara, Allah ya saka masa. A hawa na uku ƙwaya biyu. A na biyu ƙwaya biyar, inda mutum ya juya da sauri leda ta bugi ƙarfe. A bakin titi tattabaru sun riga shi, amma ya ga ta gefen da suka taru.

Ya tsaya ya yi tunani irin na mahaifinsa: ba a tambayar inda raƙumi ya tafi, ana tambayar abin da yake nema. Wanda ya sa agogo cikin shinkafa ba sayarwa zai yi ba, jinya yake yi. In jinyar ta ƙi, kuma a ganinsa batir ne ya mutu, ina zai nufa? Taku ɗari a gaba akwai ɗan shagon da ke sayar da batir da caja.

Mai shagon ya tuntsire da dariya tun Bukari bai gama tambaya ba. “Shehin nan mai agogo a cikin shinkafa! Yau da sassafe ya zo. Na ce masa, ya shekh, dafawa za mu yi? Na juya agogon nan ta ko'ina ban ga inda batir ke shiga ba. Na ce ya tafi kasuwar Ataba wajen Ammu Mu'tasim mai gyaran agogo, amma ya sani aikin tsohon ba ya fita sai Alhamis.”

“Yaya kamanninsa?”

“Baƙi, dogo, farar jallabiya, hula.”

Bukari ya yi godiya. Da wannan bayani ana iya kama rabin Hay el-Sabi'.

*

Lahadi Bukari ya shiga Ataba. Shagon Ammu Mu'tasim yana cikin wani lungu, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, bango cike da agogo, kowanne da ra'ayinsa game da lokaci. Tsohon ya haura tamanin, gilashin ido ɗaya maƙale a goshinsa. Bukari ya yi sallama ya ce yana cigiyar tsuntsu.

Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa. “Kai ne mai shi?”

“A'a. Mai shi yana gida ba ya cin abinci.”

Mu'tasim ya jawo aljihun tebur, ya fito da mai tsattsewa a kan ɗan ƙyalle, murfin bayansa a cire. Ya aika a kawo shayi, don a cewarsa ba a ba da labarin Arbelan a tsaye.

Ya ce wasu 'yan'uwa biyu ne suka fara shi, manoma, a wani ƙauye kan duwatsun Suwizalan, fiye da shekara ɗari da talatin da suka wuce. A can in sanyi ya zo, ƙanƙara kan rufe hanya wata biyar, ba gona ba kasuwa. Sai kowane gida ya sa tebur a bakin taga, wannan gida yana yanka haƙoran ƙafafun agogo, wancan yana naɗa sifirin, wani yana zana fuska. In tsattsewa ta dawo, alamar hanya ta buɗe ke nan, sai 'yan'uwan su bi gida gida su tattara, su haɗa, su sauka da su gari. Shi ya sa suka sa ta a fuskar agogon. Daga baya suka gina masana'anta, suka riƙa loda wa jirgin ruwa zuwa Iskandariya, da lambobin Larabci musamman don mutanen nan. Mahaifin Mu'tasim yana cikin masu karɓa su sayar, su kuma gyara.

“To mi ya same su?” in ji Bukari.

“Batir,” in ji tsohon, kamar ya ambaci sunan maƙiyi. “Wajen shekarun saba'in aka kawo agogo mai batir, ga arha, ba ya neman komai a wurinka. Cikin shekara goma aka rufe masana'antar. Na ji an ce cuku ake ajiyewa a ginin yanzu. Sannan jiya wani ya shigo mini da Arbelan a cikin ledar shinkafa, wai in sa masa batir! Na ce, ya ibni, abin da ya kashe uwarsa da ubansa kake so in ɗura masa?”

Bukari ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

“Na nuna masa,” in ji Mu'tasim. “Na ce wana shi ake yi. Ka kama ɗan maɓallin gefe, ka murza sau ashirin, kada ka wuce. Na murza, ya tashi. Mutumin ya kusa sumbatar hannuna, ya ce in ba shi ya tafi. Na ce ina! Garin shinkafa ya shiga ciki, sai na wanke na sa mai. Ya dawo Alhamis.”

“Alhamis,” in ji Bukari a hankali. Ya nuna masa hoton taron suna a waya. Tsohon ya ture wayar, ya ce shi idonsa ya daina ganin fuska tun tuni, abin da ya wuce tsawon yatsa daga hancinsa hazo ne. Ko da yana gani ma, ba ya tona mai kawo masa aiki.

Sai ya miƙa wa Bukari gilashin, ya juya murfin agogon ta ciki. “Kai da ka ce bin sawu kake yi, duba namu.”

A cikin murfin akwai ƙananan rubuce-rubuce da aka karta da tsinin allura. Mu'tasim ya ce al'adarsu ce, duk wanda ya buɗe agogo ya yi masa aiki sai ya bar alamarsa da shekara. Ga wasu guda uku da boko, na masu gyaran Kano. Ga kuma ta farko can sama, harafin Larabci ɗaya da 1964.

“Hannun babana ne,” in ji tsohon, muryarsa ta canza. “Shekara talatin da rasuwarsa. Jiya na buɗe na gan shi, na rufe shago na zauna.”

Bukari ya daɗe yana kallon sawun nan. A ransa ya ce ko a hamada bai taɓa ganin wanda ya kai shekara sittin iska ba ta share shi ba. Ya kira Sagiru a waya ya ce ya zo Talata da shaidar cewa nasa ne, kuma in ya gaya wa ko da Rabi'atu, ya cire hannunsa. Sannan ya roƙi tsohon alfarma biyu: ya gama aikin kafin Talata, kuma in ya gama, kada ya wana shi.

*

Laraba bayan La'asar aka taru a falon Sagiru. Ɗanmalam a kan kujera, Salim kusa da faranti, abokan zaman Ukasha su uku a jere da fuskar alƙalai. Ukasha yana bakin ƙofa, wajen takalma, inda ba wanda zai ce ya matsa. Rabi'atu tana bayan labule da jaririya. An riga an gargaɗi Sagiru cewa ko me ya gani, ya riƙe bakinsa.

Bukari ya sa hannu a aljihu ya ajiye agogon a tsakiyar tabarma. Falo ya ɗauki salati.

“A ina? Wajen wa?” in ji ɗaya daga cikin alƙalan, yana hararar bakin ƙofa.

“Sannu dai. An samu, amma ya mutu. Ku saurara.” Aka miƙa shi hannu zuwa hannu, kowa ya kara a kunne, shiru.

“Pil ɗinsa ne ya ƙare,” in ji Salim da bakinsa cike, yana nufin batir. “A sa sabo, khalas.”

“Haka ni ma na ce,” in ji Bukari. Ya fito da ɗan batir a takarda, ya fito da wuƙarsa ta Abzinawa, wadda ake fiɗar akuya da ita. Ya kifa agogon a gwiwa, ya sa tsinin wuƙar a gefen murfin. Sagiru ya rufe ido. “Yalla, bismillah. In ya ƙi buɗuwa a ba ni guduma.”

“Kada ka buɗe!” Ɗanmalam ya yi tsalle daga kujera, hularsa ta faɗi. “Baba, don Allah! Ba shi da batir! Wana shi ake yi, sau ashirin, ba a wucewa!”

Bukari ya mayar da wuƙa kube a natse. “Ikon Allah. Malam, ran Asabar kai ka ce mani batirinsa ya mutu. Wa ya karantar da kai tsakanin Asabar da yau? Kuma a ran nan, mai agogo da kansa bai san ya tsaya ba. Kai ina ka sani?”

Ba wanda ya motsa. Tasneem ce kawai ta yi atishawa a bayan labule.

Ɗanmalam ya zauna a ƙasa, ba a kujera ba. Ya ce shi ya bi bayan Sagiru a alwala. Ya buɗe famfon da ƙarfi, ruwa ya wanke katakon da abin da ke kai. Ya ɗauki agogon ya goge, ya kara a kunne, ya ji shiru. Ya ce a lokacin ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige: shi mai wa'azin ruwa, ya kashe agogon kakan mutum da ruwa, a ranar sunan 'yarsa. Ya ga buhun shinkafa, ya ɗiba a leda, ya ce zuwa safe zai bushe ya dawo da shi ba wanda ya sani. Da safe agogon bai tashi ba. Daga nan kowace rana faɗar gaskiya ta fi ta jiya nauyi.

“Na ce a jira Alhamis,” ya faɗa da ƙaramar murya. “Na ɗauka zan iya riƙe mutane zuwa Alhamis.”

“Kai kana jiran Alhamis, yaro yana cin abinci shi kaɗai,” in ji Bukari. Ya fito da waya, ya buɗa hoton nan na Sagiru da jaririya har agogon ya cika fuskar wayar, ya miƙa masa. “Dab da La'asar anka ɗauki wannan, kafin kowa ya yi alwala. Ƙarfe nawa agogo ya ce?”

Ɗanmalam ya duba. “Sha ɗaya da minti goma.”

“Sagiru, ran Juma'a da asuba ka wana shi?”

Sagiru ya dafe kai. “Inna lillahi. Na fita wajen mahauci tun duhu. Ban wana ba.”

“To ka ji. Tun hantsi agogo ke barcinsa. Ruwanka bai yi masa komai ba, Malam. Shinkafarka ce ma ta kusa.”

Salim ne ya fara dariya, har ya ƙware. Sai ta kama kowa, har Rabi'atu a bayan labule, har Sagiru da ke share hawaye. Mutum biyu ne ba su yi ba. Ɗanmalam ya tashi ya taka har bakin ƙofa, ya durƙusa cikin takalma a gaban yaron da ya girma da shekara goma sha biyu.

“Ukasha, na ji kunyar abin da bai kai ya kawo ba, na bar ka da wadda ba taka ba. Ka yafe mini.”

Ukasha ya ɗago kai. “Ustaz, da ka ce mini ya jiƙe, da na gaya maka kada ka sa a shinkafa.” Ya ja hanci. “Na yafe. Amma jakata tana ƙasan bene, kuma hawa biyar ne.”

“Ni zan hau da ita,” in ji Ɗanmalam. Kuma ya hau da ita, a ka, muna biye muna ba shi shawarar yadda ake ɗaukar kaya. Alƙalai uku suka bi bayansa da katifa da bokiti, ba mai iya haɗa ido da kowa.

Amma wannan daga baya ne. A lokacin, Sagiru ya ɗauki agogon ya murza, falo duka yana ƙirgawa da ƙarfi har ashirin, ya saita shi da wayar Salim, ya ɗaura. Ana haka aka kira Magariba. Ya tashi ya nufi wurin alwala, ya kwance agogon, hannunsa ya tafi wajen katakon nan don sabo. Sai ya tsaya. Ya juyo ya ratsa mutane har inda Ukasha yake.

“Riƙe mini wannan,” ya ce, “in yi alwala.”

Ukasha ya karɓa da hannu biyu. Ya kara shi a kunne, yana ji yana bugawa, bai sauke ba har Sagiru ya dawo.